Kada A Ce: Harajin Da Muka Ɗora Wa Kanmu



Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin malamai ranar da aka ce albashi ya shigo ya san yadda wurin yake komawa. Wayoyi su yi ta ƙara, kowa ya sunkuya ya duba tasa, daga nan sai a yi tsit. Banki ya riga ya cire nasa, ƙungiyar gama kai ta cire nata, uwar adashe tana jira, mai kanti ya aiko yaro tun da safe, tela kuma ya ce ba zai saki ɗinkin yara ba sai ya ga ciko. Kafin a kaɗa ƙararrawar tashi, kuɗin da aka yi kwana talatin ana wa gumi ya watse. Wanda ya kai goma ga wata da sauran canji a aljihu, to, ya yi ƙoƙari. Ragowar kwanakin a kan bashi ake tafiya, bashin kuma albashin watan gobe ne ake ci tun yau.

Kafin mu ce komai game da tsimi, wajibi ne mu faɗi inda babban laifin yake, domin kada wani ya ɗauki wannan rubutu ya tafi da shi inda ba mu aike shi ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin mai. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, a watan Disamba na shekarar kuma hauhawar farashin kaya baki ɗaya ta kai kashi 34.8. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 na 2019 zuwa 70,000 a Yulin 2024, gwamnatin Jihar Kaduna kuma ta sanar da 72,000. Amma 30,000 ta 2019 ta haura dalar Amurka 80, ita kuwa 70,000 ranar da aka sa mata hannu ba ta kai dala 50 ba. Lamba ta ƙaru a takarda, abin da take saya a kasuwa ya ragu. Ba malami ne ya jawo wannan ba, kuma babu irin tattalin da zai mayar da albashin da bai isa ba ya zama isasshe. Neman haƙƙinmu yana nan daram: ƙarin da ya dace da zamani, biyan kuɗin ƙarin girma, kuɗin hutu, da haƙƙin waɗanda suka yi ritaya.

To amma akwai abin da ke hannun mai biyan albashi, akwai kuma wanda ke hannunmu. Na hannunmu shi muke son mu duba a wannan fitowa.

Mun san abin da da yawa daga cikinmu za su ce: me ya rage da za a rage? Gaskiya ne. A gidaje da yawa na cikin birni, daga Kwarbai zuwa Limancin Kona, daga Ƙaura zuwa Unguwar Juma, nama ya zama baƙo, shinkafa ta koma abincin Juma'a, malamin da yake hawa babur ɗinsa zuwa makaranta ya jingine shi ya koma tafiya a ƙasa. Malama tana lissafin kuɗin Keke Napep daga Babban Dodo zuwa wurin aiki kamar mai lissafin gado. A tukunya kam babu sauran abin yankewa, kuma wanda ya ce wa irin wannan gida ya ƙara ɗaure ciki bai san halin da ake ciki ba.

Sai dai idan muka zauna muka bi sawun manyan basussukan da suke cinye albashinmu, waɗanda ake cirewa wata goma sha biyu ko ashirin da huɗu, za mu tarar da yawansu ba don tuwo aka ci su ba. An ci su ne don aurar da 'ya, ko yi wa ɗa lefe, ko suna, ko ɗinkin Sallah, ko walima. Idan kuma muka tambayi kanmu me ya sa aka kashe abin da aka kashe, amsar ba ta wuce kalmomi uku: kada a ce. Kada a ce 'yar malam ce aka kai ta da gado ɗaya. Kada a ce akwati uku kawai suka kawo. Kada a ce ba ta yi ankon ƙawarta ba. Kada a ce ragonsa ƙarami ne. Wannan haraji ne da babu gwamnatin da ta ɗora mana, babu majalisar da ta zartar da shi, amma muna biyan sa da biyayyar da ba mu taɓa yi wa wata doka ba.

A duba yadda aure ya koma a garin nan. Abin da addini ya wajabta sananne ne ga kowa, balle a birnin da ake zuwa neman ilmi daga ko'ina: waliyyi, shaidu, siga, da sadakin da mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, sai walima daidai ƙarfi. Yanzu kuwa tun daga kuɗin na-gani-ina-so, da gaisuwar iyaye, da kayan sa rana, ake fara nishi. Lefe ya zama jerin akwatuna da za a buɗe a gaban jama'a, a ɗaga kowane zane a ƙirga, a ɗauki hoto a watsa a WhatsApp. Iyayen amarya kuma su shiga nasu: gado da katifa, kujeru, firiji, labule, kayan kicin da ba za a taɓa rabinsu ba, sannan gara ta biyo baya da buhunan shinkafa da jarkokin mai. Tsakanin wannan da wancan ga kamu, ga sa lalle, ga ranar ƙauyawa, ga dina a zauren haya, kowace rana da ankonta, da mai kwalliyarta, da mai hotonta. Ana gama biki da mako guda baƙi sun manta abin da suka ci, uban amarya kuwa zai shekara biyu yana tunawa duk ƙarshen wata.

Mu yi lissafi irin wanda muke koya wa 'yan aji shida. A ɗauka malami ya karɓi rancen naira 500,000 a kan ruwan kashi 4 cikin ɗari kowane wata, ana lissafa shi a kan uwar kuɗin, zai biya cikin wata 24. Ruwan kowane wata naira 20,000 ne. A wata 24 ya zama 480,000. Ke nan zai mayar da 980,000, kusan ninki biyu, kuma kowane wata za a cire masa fiye da 40,000 kafin ya taɓa ko kwabo. Wannan ban da abin da malamanmu suka daɗe suna faɗa game da hukuncin riba. Ana cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma bashin da aka ci don magani ko kuɗin jarrabawa daban yake da wanda aka ci don a cika idon mutanen da ba za su taya biya ba.

Ba muna cewa al'adar biki banza ce ba. Kakanninmu ba wawaye ba ne. Baba ta Karo, dattijuwar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta a 1949 zuwa 1950, aka buga shi a 1954, ta yi bayanin yadda ƙawaye da dangi suke ɗauke wa juna nauyin aure da haihuwa. Gudummawar biki wata irin ajiya ce: yau ke kika kai, gobe a kawo miki. Da ita matan da ba su da banki suke samun jari, da ita marainiya take samun kayan ɗaki. Amma an gina ta ne a kan abin da ke hannu, daga kuɗin kaɗi da saƙa da ƙuli-ƙuli da ɗan abin da aka noma. Abin da ya sauya shi ne yanzu awon ya bar hannun unguwa ya koma hannun waya. 'Yar malamin firamare tana auna bikinta da na 'yar attajirin da ta gani a Instagram, mu kuma iyaye muna cike giɓin da ke tsakani da albashin da ba mu riga mun karɓa ba. Abin da aka ƙirƙira don sauƙaƙa nauyi ya koma gasa.

A nan dole mu yi adalci, domin da zarar an taɓo maganar almubazzaranci sai maza su juya su kalli mata. Iyayenmu mata da 'yan uwanmu malamai mata su ne suke raba mudu ɗaya ya kai kwana biyu, su ne suke sanin gidan da za a aro gishiri ba a ji ba. Mu maza kuwa muna da namu ramukan da ba ma son a leƙa. Akwai tsire da shayin majalisa da ake ci a waje alhali a gida miyar kuka ce babu man kirki. Akwai sabuwar waya da ake saye bashi don ta abokin aiki ta fi kyau. Akwai shaddar da dole sai an ɗinka kowace Sallah ko da ta bara ba ta koɗe ba. Akwai katin waya da data, waɗanda aka ƙara wa kuɗi da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025: wanda yake sa naira 500 kullum ya kashe 15,000 a wata, 180,000 a shekara, kuma mafi yawansa kallon abin da ba zai amfane shi ba ne. Akwai matasanmu da suka faɗa cacar ƙwallo ta waya. Akwai kuma mai neman ƙarin aure alhali kuɗin makarantar 'ya'yan uwargida yana kansa. Maigidan da bai fara da aljihunsa ba ba shi da bakin yi wa matarsa wa'azin anko.

Mu malamai ma, a matsayinmu na masu sana'a, muna da hannu a cikin wannan haraji. Wane ne ya ƙirƙiro bikin yaye ɗalibai ga yaron da ya gama nazare, da riga ta musamman, da kuɗin hoto, da kuɗin abinci? A makarantunmu ake yi, musamman masu zaman kansu inda da yawa daga cikinmu ko matanmu suke koyarwa. Saukar karatu, wadda a da addu'a ce da ɗan abin sadaka, ta koma sai an kama rumfa da kujeru an buga kalanda. A cikin ƙungiya kuma, duk wanda aka yi wa canjin wurin aiki ko ƙarin girma sai an yanka wa kowa kuɗin liyafa, ranar 1 ga Mayu da ranar 5 ga Oktoba kuma a fito da yadin da za a ɗinka a sa sau ɗaya. Ba za mu yi kukan abin da al'umma ta ɗora mana ba alhali mu ma muna ɗora wa iyayen yara da junanmu irinsa.

Wani zai tambaya, mene ne ruwan jaridar ƙungiya da lefe da gara? Ruwanta babba ne. Mutanen jihar nan ba su manta 2017 ba, lokacin da gwamnati ta ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar gwaji aka sallame su, ƙungiya ta shiga yajin aiki a Janairun 2018. Ba su manta 2022 ba, da aka sake sallamar 2,357, har da shugaban NUT na ƙasa, Audu Amba. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan waɗancan jarrabawa, abu ɗaya ya fito fili: albashin da muke jingina da shi kamar bango yana iya gushewa da takarda guda, shi kuwa mai bin bashi bai san an sallami mutum ba. Haka nan ranar da aka kira yajin aiki aka yi barazanar riƙe albashi, malamin da yake da buhun masara a ɗaki kuma babu mai bin sa zai iya cijewa. Wanda banki yake jiran sa ranar 28 ga wata kuwa, zuciyarsa tana tare da ƙungiya amma ƙafarsa za ta kai shi ya sa hannu a rajista. Duk rancen biki da ɗayanmu ya ci yana rage kwanakin da dukkanmu za mu iya tsayawa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Tarihinmu ya nuna haka. Wajen 1788, da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ya raba musu kyauta, Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar zinariyar da aka ba shi, ya nemi a maimakonta a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a sauƙaƙa wa talakawa haraji, kuma aka amsa masa. Da yana da bukatar zinariyar nan da bai iya buɗe baki ba. Malam Aminu Kano, wanda malamin makaranta ne kamarmu, kuma shi ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, ya rayu a gida mai sauƙi a Gwammaja har ya rasu a 1983, kuma ƙarancin bukatarsa yana cikin abin da ya sa aka kasa sayen sa. Mutumin da bukatunsa suka yi kaɗan yana da wuyar tanƙwarawa, haka ma ƙungiya.

Matsalar ita ce wannan haraji mutum ɗaya ba ya iya ƙin biyan sa. Uban da ya ce shi kaɗai zai aurar da 'yarsa babu gara, 'yar ce za ta sha gori a gidan miji, kuma ya sani, shi ya sa yake runtse ido ya ci bashin. Doka ma ba ta wadatarwa. A 2023 Jihar Sakkwato ta yi dokar taƙaita kashe kuɗi a bukukuwan aure da suna, dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 kuma ta haramta liƙi da takardun naira, amma ɗan sanda ba ya shiga ɗakin amarya ya ƙirga kwanuka. Abin da kunya ta ɗaure, sai jama'a sun haɗu suke kwance shi. Mu kuwa jama'a ne. Babu unguwar da ba mu da mamba a cikin ganuwar nan, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, daga Ƙofar Kuyambana zuwa Ƙofar Kona, kuma da yawanmu surukan juna ne. Idan malami zai iya cewa, "Ƙungiyarmu ce ta yanke haka, kuma na sa hannu," an ɗauke masa kunyar, an ba shi abin fakewa mai mutunci.

Saboda haka muke ba da shawarar a kawo waɗannan batutuwa gaban babban taron reshe mai zuwa, kuma a gayyaci matan aure da mazajen malamai mata su zo a yi da su, domin shawarar da aka yanke ba da su ba a bakin zaure za ta tsaya.

Na farko, mu yi yarjejeniya a rubuce cewa a bikin ɗan ƙungiya ko na 'ya'yansa babu tilascin anko, taro ɗaya ya isa, kuma idan aure ya haɗa gidajen mambobi biyu, a zauna tun farko a yafe wa juna gara a kuma ƙayyade lefe. Na biyu, taro ya yanke adadin gudummawa guda wanda mai ƙaramin mataki zai iya bayarwa ba tare da ya ji jiki ba, mai hali ya ƙara a ɓoye idan ya so. Na uku, asusun gama kai ya fifita rancen asibiti, kuɗin makaranta, taki da gyaran ɗaki, kuma mu daina tsaya wa juna a rancen ruwa da za a kashe a shagali. Ƙin sa hannu a irin wannan takarda taimako ne, ko da ranar an ɓata rai. Na huɗu, kowace makaranta ta kafa adashen hatsi: a tara kuɗi tun damina, da kaka a tura amintattu kasuwar Giwa ko wata kasuwar ƙauye su auno masara da dawa da wake a buhu a raba, domin mai saye mudu-mudu bashi a wurin mai kanti shi ne yake biya mafi tsada. Na ci muke nufi, ba na ɓoyewa a jira tsada ba. Na biyar, shugabannin reshe su fara da kansu: a dakatar da yadin bukukuwa da liyafar ban kwana ta karo-karo, abin da aka saba kashewa a can a zuba shi a asusun jinya da na ranar yajin aiki.

A cikin gida kuwa, abu ɗaya muke roƙo. Wata guda tak, maigida da uwargida su ɗauki littafin rubutu irin na 'yan makaranta su rubuta duk abin da ya fita, har naira 50 ta alewa, har katin wayar maigida. Ƙarshen wata su zauna su karanta tare. Da yawanmu matanmu ba su san nawa muke ɗauka ba, balle nawa ake cirewa, sannan mu yi mamaki idan suka nemi abin da ya fi ƙarfinmu. Wadda aka nuna wa takardar albashi ta ga abin da ya rage da idonta, ita ce za ta fara cewa a bar dinar nan.

Sai dai a kiyaye, tsimi daban, ƙwauro daban. Alƙur'ani mai girma, a Suratul Isra'i da Suratul Furƙan, ya hana almubazzaranci ya kuma hana maƙo, ya yabi tsakaitawa. Akwai abubuwan da ba a taɓawa: abincin yara, maganin mara lafiya, karatun 'ya'ya mata, haƙƙin iyaye tsofaffi, da ƙwaryar tuwon da ake miƙa wa maƙwabcin da ya kwana da yunwa. Maigidan da ya fake da wannan rubutu ya rage kuɗin cefane alhali bai rage zaman majalisa ba, ya sani ba da yawunmu ba. Ana rage na ganin ido ne domin a samu na waɗannan.

Akwai kuma masu cewa idan aka rage biki, tela da kafinta da mai kitso za su rasa abinci. Damuwa ce ta gaskiya, domin 'yan uwanmu ne. Amma a duba inda mafi yawan kuɗin lefe yake tafiya: shaddar Getzner daga Ostiriya, leshi da atamfa da akwatuna daga Sin da Dubai, alhali masaƙar Kaduna ta KTL tana rufe tun 2002. Birnin Zazzau ya yi suna a ƙasar Hausa da ɗinkin hannu na manyan riguna da huluna, kuma maza da mata a cikin lungunanmu da shi suke ci. Riga ɗaya mai aska biyu da aka ɗinka a unguwa, wadda za a shekara goma ana sawa, ta fi amfanar garin nan a kan kala biyar na anko da za su ƙare a ƙasan akwati. Malamin da ba bashi a kansa kuma shi ne yake biyan tela a kan lokaci.

'Yan uwa, al'umma tana kallonmu fiye da yadda muke zato. Yaran da muke koya wa tarawa da ɗebewa da safe suna ganin yadda muke tafiyar da gidajenmu da yamma. Idan gidajen malamai ɗari a cikin birni suka aurar da 'ya'yansu cikin sauƙi a shekara guda, kuma aka ga auren ya zauna lafiya, maƙwabcinmu mai faci da mai turin baro za su samu hujjar da za su kare kansu da ita, 'yan matan da tsadar kayan ɗaki ta tsare a gida kuma za su samu hanya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu zo taro da shawarwarinmu da gyare-gyarenmu, wanda bai yarda ba ya zo ya faɗi dalilinsa a saurare shi, amma kada mu tashi ba mu sa hannu a kan wani abu ba.

Allah ya yalwata mana arzikinmu na halal, ya sa albarka a cikin kaɗan ɗin da ke hannunmu, ya warware wa masu bashi bashinsu, ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Amin.